Faya-fayan Baba 140: in kwashe su cikin kwamfuta ko in bar su a akwati?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Baba ya rasu bara, ya bar faifai kusan 140 a akwatin ƙarfe: bikin yayyena, sunan jikoki, saukar Alƙur'ani, dawowarsa daga Hajji, sai finafinan Kano da na Indiya. Na'urar DVD ta gida ta mutu, laftof ɗina kuma ba ta da wurin saka faifai. Inna tana son ta riƙa ganinsa a talabijin. In kwafe su yadda suke ne, ko in matse su, wato in rage girman fayilolin? Wane irin rumbun ajiyar fayiloli (hard disk) zan saya?

Mai Pragya: Allah ya jiƙan Baba. Sayi sabuwar DVD kawai ka huta.

Ɗan Aboabo: Amin Yaya. Ai faya-fayan ne ke lalacewa, uku sun fara tsayawa a tsakiya.

Malamin Kwamfuta: Ƙanena, faifan da mai bidiyo ya buga a shago ba ya kai na kamfani ƙarko, zafi da damshin Kumasi suna cinye shi. Fara da na iyali. Nemi makarantar faifai ta waje mai USB. DVD ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, wato rumbu mai tera 1 zai riƙe kusan 200. Ba ka da dalilin matsewa. Kwafe su cikakku, manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta buɗe su, ka haɗa laftof da talabijin da igiyar HDMI.

Hajiya ta Asawase: Ɗana, ka ji ni da kyau. Haka aka ce mini, na bi. Yarona ya kwana biyar yana kwafa, komai ya shiga ɗan akwatin nan baƙi. Da muka tashi ƙaura na ce faya-fayan sun zama kaya, aka zuba su a buhu aka ba masu shara. Wata huɗu bayan nan jikata ta ja igiya, abin ya faɗo daga kan tebur yana aiki. Tun ranar sai ƙara yake, ƙas ƙas ƙas. Na kai wurin masu gyara uku a Adum, ɗaya ya karɓi kuɗina ya riƙe shi wata biyu ya maido mini haka. A ciki akwai mahaifiyata tana yi wa 'yata addu'a ranar kai amarya. Muryarta ba ta ko'ina kuma. Har yau in na tuna sai na tashi daga cikin mutane.

'Yar Sawaba: Innalillahi. Allah ya ba ki haƙuri Hajiya. Ba wanda ya karɓi kwafi a dangi?

Hajiya ta Asawase: Na tambaya har Tamale. Babu.

Malamin Kwamfuta: Hajiya, rumbu ɗaya ba ajiya ba ne. Biyu ake yi, ɗaya a wani gidan, faifan kuma ba a zubarwa.

Hajiya ta Asawase: Malam, a lokacin ba wanda ya faɗa mini biyu.

Mai Shago a Kejetia: Tera 1 sidi 600 ne wurina. Makarantar faifai 150.

'Yar Sawaba: Alhaji, 600? Ni 950 na saya a kwali, makarantar kuma 280.

Mai Shago a Kejetia: An cuce ki.

Malamin Kwamfuta: Ko kuma naka tsohon rumbun laftof ne aka sa wa sabon gida. Na buɗe irinsu da hannuna.

Mai Shago a Kejetia: Malam, kai a aji kake koyarwa, ni shekara 12 ina sayar da kayan nan. Wa ya kamata yaron ya saurara?

'Yar Sawaba: Hajiya ya kamata ya saurara, ita ce ta yi asara.

Mai Pragya: Na Indiyan da suka karce a tara mini, in rataya a bayan keke, fitila na dukansu ba mai buge ni da dare.

Ɗan Aboabo: To in na sa a filashi na soka a talabijin kai tsaye fa? Inna ba za ta iya laftof ba.

Malamin Kwamfuta: Nan ne matsewa ke da amfani. Manhajar HandBrake za ta mayar da su fayilolin bidiyo na MP4. Amma filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, ka kula.

'Yar Sawaba: Ku dai kuna da faifan. Mai bidiyon bikina ya karɓi kuɗi cikakke, sai minti shida ya turo mini ta WhatsApp, fuskoki duk a dushe. Na nemi cikakken, ya ce ya goge katin don wani biki.

Mai Shago a Kejetia: Na sunan ɗana shekara biyu ke nan ina bi. Kullum "gobe Alhaji".

Hajiya ta Asawase: Ku daina biyansu duka kafin su kawo. Rabi a hannu, rabi ranar da kuka zauna kuka kalla daga farko har ƙarshe.

'Yar Sawaba: Hajiya, in ba ka biya duka ba ai ba ya zuwa wurin bikin ma.