Na gama da Django, me zan haɗa masa a ɓangaren burauza?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Gombe, unguwar Pantami. Wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin manhajar sakamakon jarrabawa: malamai su shigar da maki, iyaye su duba a waya. Ɓangaren saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana turo shafi, na gama shi da Django, tsarin gina manhajar intanet da yaren Python. Matsalata ita ce, duk sanda malami ya adana makin ɗalibi ɗaya sai shafin ya sake lodi gaba ɗaya, ga aji mai yara arba'in, ga netwok ɗinmu yadda yake. Cikin kayan JavaScript na gina shafi a burauza, React zan koya ko Vue? Ni kaɗai ne, kuma wata biyu aka ba ni. Don Allah a taimaka.

Wani tsohon hannu daga Bauchi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara sanin abin da React zai jawo maka. Idan ka ɗauke shi yadda aka saba, aikinka ya rabu biyu ke nan: Django ya koma fitar da zallar bayanai a sigar JSON ta ƙarin kayan aikinsa mai suna Django REST Framework, React ya karɓi zana shafi. Tantance fom da Django ke yi maka a sauƙaƙe sai ka sake rubuta wani a gaba, ga Node da npm, kayan gudanar da JavaScript da sauko da kayan haɗinsa, sun shigo. Mutum ɗaya mai wata biyu, wannan kaya ya fi ƙarfin kansa.

Ka duba htmx, ƙaramin kayan JavaScript da ke sabunta ɓangaren shafi ba tare da sake lodinsa ba. Saba ce ke turo guntun HTML, shi kuma ya sauya layin ɗalibin da aka gyara kawai, sauran shafin na nan. Da hx-post (inda za a tura makin) da hx-target (wurin da za a sauya a shafin) za ka yi aikin. In an matse shi bai kai kilobait 20 ba, don haka ƙaramar wayar uba a Kumo ko Dukku za ta ɗauka. Sai dai kada ka manta da alamar tsaro ta CSRF, mai tabbatar da cewa daga shafinka fom ya fito, in babu ita Django zai mayar maka da 403, wato ya ƙi karɓa.

Wata 'yar uwa daga Kashere: Yaya, ban ƙi ta taka ba, amma a duba gabansa. React yana nan tun 2013 daga Facebook, kuma shi na fi gani a tallan aikin Legas da na ƙasashen waje. In ya iya shi, React Native, wanda ake gina manhajar waya da shi, ba zai ba shi wuya ba ranar da makarantar ta nemi manhajar waya. In tsaka-tsaki yake so, Vue na Evan You ana iya saka shi a shafin maki kaɗai, ba sai an rushe sauran ba.

Wani malamin kwamfuta a Tudun Wada: Akwai abin da ba a taɓo ba. Duk motsin htmx sai da netwok. Malami ya kai ɗalibi na talatin sabis ya ɗauke, yaya ke nan? Ka haɗa da Alpine.js, ƙaramin kayan JavaScript mai aiki a cikin burauza, ka riƙa ajiye makin a localStorage, wato ma'ajiyar burauzar wayar, har saba ta amsa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Zan fara da htmx da Alpine a wannan zangon, React kuma sai an yi dogon hutu. Malam, in malamai biyu suka gyara makin ɗalibi ɗaya ba netwok, na wa zan ɗauka?