Firiyam zan saya ko saun kad zan sauya?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan situdiyo a nan Katsina, shago ɗaya ne a jikin gidanmu. Tallar rediyo da waƙoƙin biki ne yawancin aikina, sai 'yan Islamiyya da ke zuwa ɗaukar ƙasidu in Maulidi ya gabato. Makirfona Shure SM58 ne, saun kad ɗin kuwa, wato akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, na hannu na saya, ko suna babu a jikinsa. Sai na murɗe gen (maɓallin ƙara ƙarfin sautin makirfo) har ƙurya murya take fitowa, daga nan sai wani "shhhh" ya biyo ta kamar ana suyar ƙosai. Jiya wata baiwar Allah ta saurari waƙarta, ta cire hedifon ta ce min, "Malam, ruwa ake yi a ciki?" Wallahi da maganar na kwana. Kuɗin abu ɗaya na tara. In sayi firiyam (na'urar da ke ɗaga sautin makirfo) na daban ne, ko in sauya saun kad?

Mai Situdiyo, Daura:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Makirfonka lafiyarsa ƙalau, kada ka taɓa shi. Irin makirfon da ake kira dainamik ne, sautinsa ƙasa-ƙasa yake fita, dole a ɗaga shi sosai, ƙaramin firiyam ɗin da ke cikin saun kad ɗinka kuma a ƙarshen murɗi yake fara huci. Ko ka sayo firiyam mai tsada, ta cikin wannan akwatin dai sautin zai bi kafin ya shiga kwamfuta. Ni da kai ne, saun kad zan sauya. Focusrite Scarlett 2i2 zubi na huɗu yana ɗaga sauti har 69 dB (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), na uku 56. In aljihu bai kai ba, Behringer UMC202HD ma zai fitar da kai kunya.

Injiniyan Sauti:
Kafin ka kashe ko sisi, zare cajar laftof ka ɗauki murya da batir kaɗai. In ƙarar ta ɓace, daga wuta ne ko janareta. Sannan mawaƙi ya matso, tazarar yatsu uku tsakaninsa da makirfo. Mata musamman sukan ja baya don kunya, kai kuma ka yi ta ƙara gen. Akwai kuma FetHead, ɗan mitsitsi ne da ake maƙalawa a gindin makirfo, yana ƙara 27 dB, amma sai saun kad ɗinka na da maɓallin 48V, wato wutar da FetHead ɗin ke aiki da ita.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allah ya saka da alheri. Na gwada da asuba, unguwa shiru. Da na zare caja wani gurnani ya tafi, amma "shhhh" ɗin na nan daram, kuma babu 48V a jikinsa. Yaya na Daura, Asabar zan shiga Kano da makirfona da laftof a jaka, ba zan biya ba sai na ji da kunnena. In na samu zubi na uku na hannu mai kyau, in ɗauka?