Yadda ake cin ƙwallaye da yawa a jere a wasan pul na 14.1: taƙaitawa

Ga abin da na tsinta a wata doguwar tattaunawa kan yadda ake cin ƙwallaye da yawa ba tare da kuskure ba a pul na 14.1, wasan tebur da ake bugun farar ƙwallo da sanda don jefa sauran ƙwallaye a rami: idan an ci 14 daga cikin 15 sai a sake jera su (sabon jeri), a fasa jerin yayin cin wadda ta rage.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Tun ƙwallo biyar ko shida sun rage, ka zaɓi ukun ƙarshe: wadda za ka bari don fasa sabon jeri, wadda za ta kai farar ƙwallo wurin da ya dace, da wadda ke gabanta. Yawanci a nan ake faɗuwa, domin mutum yana cinye ƙwallon da ya kamata ya bari.

2. Kada farar ta yi yawo. Bugun da ke tsayar da ita cak ya fi aminci, kowace doguwar tafiya tana ƙara kuskure.

3. Ka warware ƙwallayen da suka cunkushe da wuri, kuma kafin ka shige su ka tabbata akwai wata kusa da rami da za ka samu ko ina farar ta tsaya.

4. Goge ƙwallaye. Allin bakin sanda da ya manne musu yana karkatar da bugu.

Batun juriya: ƙwallo 14 ake ci a kowane jeri, don haka 100 ta wuce jeri bakwai. Shahararren ɗan wasan pul Willie Mosconi da ya ci 526 a jere a 1954 a Springfield ta jihar Ohayo ya haura jeri 37. Gajiya takan fara bayyana a bugu mai sauƙi, mutum ya ɗaga kai kafin ya gama. Maganinsa tsayuwa iri ɗaya kowane bugu, takalmi mai daɗi, da ruwa tsakanin jeri.

Inda aka rabu:

Ƙarfin bugun fasawa. Wasu sun ce a buga sosai ƙwallaye su watse, wasu sun ce matsakaici, don kada farar ta faɗa rami. Ina tare da na biyu.

Ƙirga: wasu na ƙirgawa, wasu sun ce hannu na rawa da zarar an doshi 50.