Baba ya warke daga dajin huhu, ya ce ya daina zuwa hoto

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Shekara 3 ke nan da aka cire wa mahaifinmu wani sashe na huhun dama saboda cutar daji. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, har ya koma kasuwa. Yanzu ya ce hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, ya ishe shi haka, asarar kuɗi ce tunda ba ya tari. Sannan ƙaninsa, Baffanmu, shekararsa 56, tun yana ɗan 20 yake shan sigari, wajen kara 15 a rana. Hoton ƙirji na yau da kullum ya isa a duba shi? Baba kuma yana son ya riƙa faɗakar da abokansa a majalisa, me ya kamata ya gaya musu?

Likitan ƙirji: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku lallaɓa shi, kada ya daina. Tsarin da aka saba bayan irin wannan aiki shi ne CT na ƙirji duk wata 6 a shekara biyu na farko, daga nan sau ɗaya a shekara. Kun riga kun wuce mai tsadar. Dalili biyu ne: tsohon ciwon na iya dawowa, kuma wanda ya taɓa yin dajin huhu ya fi sauran mutane haɗarin sabo ya tsiro a sauran huhun. Tsokar huhu ba ta jin zafi, ƙari zai iya kai girman goro mutum na cin tuwonsa lafiya lau. Rashin tari ba shaida ba ne.

Kada ku jira ranar hoto idan kun ga ɗayan waɗannan: jini a kaki, tarin da ya haura mako 3, dashewar murya, rama ba dalili, ciwon ƙashi da ke hana barci, ko sabon ciwon kai mai zuwa da amai. Zafi ko rashin jin taɓi a fatar gefen da aka yanka kuwa na iya ɗaukar watanni, jijiyoyin tsakanin haƙarƙari ne aka taɓa.

Mai ɗaukar hoto a asibiti: Game da Baffa, hajiya, hoton ƙirji na gama-gari bai isa ba. Yana ɓoye ƙananan ƙulluntu a bayan zuciya da haƙarƙari. Abin da ake so shi ne CT mai ƙarancin haske, ba allura, ba azumi, a riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu shi ke nan. Babban binciken Amurka na 2011, mai mutum sama da 53,000, ya nuna irin wannan CT ya rage mace-macen dajin huhu da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da hoton ƙirji.

Ga lissafin da ake yi don sanin wanda ya kamata ya yi hoton. Kwali ɗaya, wato kara 20, a kullum na shekara guda shi ne ma'auni ɗaya. Baffa na shan kashi uku cikin huɗu na kwali, shekara 36, ya tashi 27. Ƙa'idar Amurka ta 2021 ta ce mai shekara 50 zuwa 80 da ya kai ma'auni 20, yana sha ko bai kai shekara 15 da dainawa ba, ya yi hoton duk shekara. Baffa ya shiga ciki, ga kuma ɗan'uwa na jini da ya yi ciwon.

Ku karɓi faifan hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba. Mai karanta hoto na bana da na bara yake gwadawa ya ga ko abu ya girma. Idan faifan ya ɓata, an koma farko.

Likitan ƙirji: Haka ne, sai dai ku shirya wa ruɗani. A yankinmu mutane da yawa na da tabon tsohon tarin fuka, kuma yana fitowa a CT kamar ƙulli. Yawancin abin da ake gani ba daji ba ne. Idan ƙullin bai kai milimita 6 ba, a dawo baɗi. Daga 6 zuwa 8, a maimaita bayan wata 6. Sama da haka ne ake matsowa da hoton ko a tsakuro tsoka a gwada. Kuma hoto ba ya maye gurbin daina sigari, a haɗa Baffa da likita kan wannan tun ranar farko.

Ma'aikaciyar jinya: Ni kan maganar majalisa zan tsaya. Baba ya riƙe saƙo ɗaya, kan kuskuren da ke kashe mutane a nan: ba kowane dogon tari ne tarin fuka ba. Wanda gwajin kakinsa na GeneXpert, mai gano tarin fuka, bai nuna komai ba, ko ya sha maganin tarin fuka wata 2 yana ƙara ramewa, ya nemi a tura shi asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, a yi CT. Watannin da ake ɓatawa ana canza maganin tari a kemis su ne ke raba wanda za a yi wa aiki da wanda aiki ya wuce shi.

Ya kuma guji kunyata masu shan taba, da an soma gori sai majalisa ta watse. Ya tuna musu cewa wanda bai taɓa kunna sigari ba ma yana kamuwa, musamman mata masu girki da itace a rufaffen madafi, da masu zama kusa da mai busa hayaƙi. Kada ya ba kowa sunan magani. Watan Nuwamba ne watan faɗakarwa kan dajin huhu, zai iya neman liman ya ba shi minti biyar bayan sallah.

Shi kansa Baba ya riƙa tattaki na minti 30 a yawancin ranaku, ya sa takunkumi lokacin hazo, ya tambayi likitansa allurar rigakafin mura da ta nimoniya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Faifan bara ne ban san inda yake ba, zan tambayi Umma. Idan ba a same shi ba, asibitin na iya sake buga mana?

Mai ɗaukar hoto a asibiti: Ku je da lambar katinsa da ranar da aka yi hoton. Wasu wuraren na goge tsofaffin hotuna idan kwamfuta ta cika, don haka ku je cikin makon nan, ku nemi kwafi biyu.