Lissafin ƙarshen shekara: sola zan saka a shago, ko cinikin waya zan faɗaɗa?

Mai shadda, Balogun:

Assalamu alaikum 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Legas. Ina da ɗan shagon shadda da atamfa da leshi a cikin kasuwar Balogun, kuma da yake shekarar 2025 ta zo ƙarshe, na zauna da littafina na duba abin da ya shiga da abin da ya fita. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, tun ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 bayan sauya fasalin naira, yawancin masu saye ba sa zuwa da tsaba, sai dai tiransifa ko kati, har wanda a da ba ya yarda da banki yanzu lambar asusu yake fara tambaya. Na biyu, kuɗin man janareta ya ci wani babban kaso na ribata, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin bai koma inda yake ba.

Na ɗan ware wani abu daga ribar bana, amma ba zai ishi aiki biyu ba. Ɗana yana matsa mini in sayi waya mai kyau da fitilar ɗaukar hoto mu riƙa tallata kaya a Instagram da TikTok, ni kuwa zuciyata ta fi karkata ga sola. Waɗanda suka gwada ɗaya daga ciki, don Allah ku ba ni shawara.

Hajiya mai kayan mata, Agege:

Wa alaikumus salam Alhaji. Shawarar ɗanka ba ta banza ba ce, amma ba sai ka kashe kuɗi mai yawa za ka fara ba. Ni da WhatsApp Business kawai na fara, inda na jera hotunan kayana da farashinsu, kuma kowace safiya nakan ɗora sabon kaya a sitatus, matan da suka saba saye a wurina su gani su tura wa 'yan'uwansu. Yau ina da masu saye a Kano da Zariya da ban taɓa ganin fuskarsu ba, nakan kai kayan tashar mota in ba direba, su karɓa washegari.

Sai dai wahalar tana wurin kai kaya cikin gari. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Legas Ailan inda shagonka yake, sai ka nemi 'yan aike masu babur da ke da rajista, kuma kuɗinsu kan sa mai saye ya janye idan kayan ba su da yawa. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, wanda ke bi ta Agege zuwa Oyingbo. Daga can nakan hau mota in ƙarasa Idumota in yi sari. Sannan shadda ba kamar sauran kaya ba ce, mutane suna son su taɓa ta su ji nauyinta su ga ƙyallinta, saboda haka kada ka ɗauka hoto zai maye gurbin shago.

Malam mai gyaran lantarki, Idi-Araba:

Alhaji, ranka ya daɗe, sana'ata ce wannan, don haka bari in yi magana a kan sola. Kafin ka sayi komai, ka rubuta abubuwan da kake kunnawa a shago: ƙwan fitila nawa, fanka nawa, cajin waya da na'urar POS, da awa nawa kowanne yake aiki a rana. Shagon yadi ba ya jan wuta sosai idan babu na'urar sanyaya ɗaki ko dutsen guga, kuma tun da cinikinku da rana ne, ba ka buƙatar batura masu yawa kamar mai gida da zai kwana da wuta. Batirin litiyam ya fi tsada a farko, amma ya fi tsohon mai ruwa daɗewa, ba ya kuma buƙatar a riƙa ƙara masa ruwa.

Babbar matsalar Balogun ita ce wurin ɗora farantan sola. Benaye ne a cunkushe, rufin kuma na mai gini ne, don haka sai ka nemi izininsa tukuna. Idan bai yarda ba, akwai mafita ta biyu, wato inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) da batir kaɗai waɗanda za su yi caji idan an kawo wuta, amma ka fara duba rukunin kuɗin wuta da kamfanin lantarki ya sa layinku a ciki, domin 'yan rukunin A tun Afrilun 2024 aka ninka musu kuɗin wuta fiye da sau uku. Ina roƙonka da girman Allah kada ka bari a ja maka wayar lantarki mai arha. Kowa ya san yadda gobara ke cin kasuwannin cikin Ailan, kuma shagon da ke cike da yadi tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Ɗan POS, Obalende:

Baba, ni ina ganin akwai abin da ya riga waɗannan biyun muhimmanci, wato tsare kuɗin da ke shigowa. Bara wani ya nuna mini shaidar tiransifa a wayarsa, na ga sunana da adadin daidai, na miƙa masa kuɗi, ashe takardar bogi ce. Tun daga ranar ba na sallamar kowa sai na ga kuɗin sun zauna a asusuna da idona. Ka buɗe asusun shago daban da na gida, ko a banki ko a irin su Moniepoint da OPay, domin kowane ciniki ya bar sawu, ka kuma lura da naira 50 da ake cirewa a kan tiransifa ta naira 10,000 zuwa sama, wadda ba a jin ta sai an tara ta a ƙarshen wata. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni za su fara aiki a Janairun 2026, kuma ɗan kasuwar da lissafinsa ke rubuce ya fi samun bakin magana idan jami'ai suka zo.

Mai shadda, Balogun:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, zan bar wa yaron harkar WhatsApp da wayar da ke hannunsa mu ga abin da zai fito kafin cinikin azumi. Asusun shago kuwa wannan makon zan buɗe shi in Allah ya yarda. Malam, na yi magana da mai ginin, ya ce sai ya tuntuɓi sauran 'yan haya. Ina da ƙwan fitila 8, fanka 2 da na'urar POS ɗaya, daga ƙarfe tara na safe zuwa shida na yamma. Inbata mai wane ƙarfi zai ɗauke su?