Wane suna za a sa wa kwamfuta lokacin saka Windows ko Linux?

Mai Kafe: Salamu alaikum jama'a. Gobe zan sake saka Windows a kwamfutocin shago. Wurin da take tambayar suna, me kuke ba da shawarar a rubuta? Yaran shago Next kawai suke dannawa su wuce.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kada a wuce wurin nan da gudu. Suna biyu ne, na kwamfutar da na mai amfani da ita. Na kwamfutar mai sauƙi ne, ko ta raɗa wa kanta DESKTOP da tarkacen haruffa, ana canzawa a Settings. Sa musu KAFE-01, KAFE-02, kada ya wuce haruffa 15, kuma kada biyu su yi suna ɗaya, in ba haka ba raba firinta zai ba ka wahala. Na mai amfani shi ne mai wuyar sha'ani. In ka shiga da asusun Microsoft, haruffa biyar na farkon imel ɗinka take yankowa ta sa wa foldarka, inda ake ajiye fayilolinka. Mai imel da ya fara da abdurrahman sai ya tarar da "abdur", kuma ko ya canza sunan asusun, foldar tana nan yadda take.

Malamar Kwamfuta: Ni a nan nake ganin ya kamata masu Windows su riƙa gargaɗi. Layi ɗaya ya isa: wannan sunan zai zama sunan foldarka, canza shi da wuya. Ɗalibaina suna rubuta cikakken suna da tazara, wani har da ƙ ko ɗ. Ranar da suka zo saka Android Studio, manhajar da ake ƙirƙirar manhajojin Android da ita, sai ta ƙi amincewa da foldar. Shawarata: ƙananan haruffa, kalma ɗaya, ba ƙugiya, ba alamar da ke cikin Mu'azu.

Ɗan Linux: Gaskiya ne Malama. A Ubuntu ma, ɗaya daga nau'o'in Linux, akwai wata matsalar. Kana rubuta sunanka sai ta haɗa shi da samfurin na'urar, kamar musa-ThinkPad-T480. Wannan sunan kwamfutar ke miƙa wa rauta, wato na'urar da ke raba intanet, duk inda ka hau Wi-Fi, otal ne ko makaranta. Mai kula da rautar ya san sunanka, ya san irin kwamfutar da ke jakarka. Canza shi tun lokacin saka Ubuntu, ko daga baya ka gyara da umarnin hostnamectl.

Baba Mai Gyara: Ku yi haƙuri, ni ban yarda gargaɗi zai yi aiki ba. Wa ke karantawa? Gara a cire mugun zaɓin gaba ɗaya. Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan, shekaru tana zuwa da sunan pi da kalmar sirri raspberry, kowa ya sani har ɓarayin intanet. A 2022 suka cire, dole ka zaɓi naka.

Malamar Kwamfuta: Baba, wancan tsaro ne, dole a tilasta. Amma wanda aka ce ya zaɓi suna ba a gaya masa inda sunan zai bayyana ba, ai sunansa na yanka zai rubuta.

Hajiya Mai Atamfa: To ni iPhone ɗita in na kunna hotspot a kasuwa sunana ke fitowa ɓaro-ɓaro. Akwai gyara?

Injiniya: Akwai Hajiya. Shiga Settings, General, About, sai Name. Sa wani abu da ba sunanki ba, AirDrop da Bluetooth ma shi za su ɗauka.