Neman taimako: takalmin rawar bale na ɗiyata

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Yamai. Ɗiyata mai shekara 11 tana koyon rawar bale (ballet, rawar Turawa da ake tsayawa kan yatsun ƙafa), malamarta ta ce lokaci ya yi da za a sayo mata demi-pointe, wanda ake sawa kafin takalmin tsayuwa kan yatsu. Bakinsa da ɗan tauri, amma ƙasansa ba shi da abin nan mai tauri mai riƙe ƙafa, don haka ba a hawa kan yatsu da shi, ƙarfafa ƙafa kawai yake yi.

Na zaga Babbar Kasuwa da Wadata, babu. Ƙanwata da ke Faransa za ta aiko, to amma ga inda na maƙale: awo. Yarinyar 35 take sawa, su kuma kamfanonin takalman bale irin Bloch lambarsu daban, har faɗin ƙafa da harafinsa. Malama ta ce ya kama ƙafa cif, yatsu a miƙe, kada a bar wurin girma. Ni kuwa tsorona ya zo ya matse ta, maidawa kuma ba sauƙi.

Zana ƙafarta a takarda ya isa? A tsaye ake aunawa, da safa ko babu? Igiyoyin ɗaure shi a ƙafa kuma, tela zai iya ɗinkawa? Don Allah wadda ta taɓa saye daga nesa ta taimaka mini.